Mutumin da ke cikin katin Inna

Babanmu bai bar hoto ba. Katin ɗan ƙasarsa ma ruwa ya ci shi shekarar da ɗakin soro ya rufta. Abin da ya bari shi ne katuna masu hotuna da ya sayo Yamai, lokacin da ya yi yaron mota cikin kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Innarmu ta manna su cikin murfin akwatinta na ƙarfe: raƙumin dawa, gadar kogi, doguwar hasumiyar Agadas, sai na gidan tarihi, mai ƙasusuwan wata dabba da ta fi ɗaki tsawo.

Gefen ƙasusuwan nan akwai wani mutum da farar riga, ya juya baya. Baba ya ce shi ne.

Muna yara, in an gama shan hura da rana, yakan sa a buɗe akwatin. Kowane kati da labarin silimar da ya kalla ranar da ya saye shi. Ba ya ja da tsawo. Na Indiya: "Kuka da rawa, ban ga an ɗora tukunya ba." Na kaboyi: "Kowa da doki, babu mai ba shi ruwa." Na Shinuwa kuwa cewa yake sun iya duka, amma ba su iya gaisuwa ba. Ni na daɗe ina zaton dabbar nan mai ƙasusuwa kaboyi ne suka harbe ta.

Da na girma na fara zuwa Maradi, na gane irin katunan nan tari ake bugawa a sayar. Na ɓoye ma Inna. Bayan rasuwarsa, in jika ya tambayi kamannin kakansa, wannan bayan mutumin Inna ke nunawa. Ba ta da wani.

Bara da sallar layya ƙanena ya zo gida Gazawa. Shi ya yi lakol, karatun boko, yana aiki buro, wato ofis. Muna gyaran kayan cikin rago ya miƙo mini salularsa. Hoton katin gidan tarihin ne, sak, cikin tsofaffin katuna da wani ya tara ya sa a intanet.

"Yaya, an rubuta shekarar da aka buga shi. Baba ko Maradi bai taɓa zuwa ba lokacin."

"Maida abinka aljihu."

"Gaskiya ce fa."

"Gaskiyar za ta ba ta wani hoton?"

Bai ji ba. Ɗan boko in ya gano abu, ji yake kamar ƙaya a ƙafa. Ya wanke hannu ya nufi rumfar Inna, na bi shi da wuƙa a hannu, ban ma sani ba.

Ya buɗe hoton da yatsu har mutumin ya cika gilashin salular. Ya yi bayani a hankali, na ba shi wannan. Inna ta kawo salular daf da ido, ta daɗe.

"Kai sai yau ka sani?" ta ce. "Dubi ƙafarshi. Ubanku ya taɓa sa takalmi sau-ciki? Ran da ya kawo na gani."

Na ce, "To Inna, mi ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ma wa? Mutum ya tahi har Yamai bisa buhunna, ya dawo mini da abu, ya ce ga ni. Sai in ce ba kai ba ne? Tsayuwar ai irin tashi ce. Kuma kai, aje wuƙar nan, ba rago nan."

Ƙanena ya miƙa hannu zai karɓi salular, ta riƙe.

"Tunda abin naka yana ƙara girma, kai shi Maradi a wanko mini babba. Na cikin akwati ba ni ganinshi yanzu."

Ya kai. Da kansa ya sa aka yi masa gilashi. Yana rataye saman gadonta, mutum da farar riga ya ba mu baya. Ƙafafun ne kawai babu, ita ta aike shi da saƙo mai hoton ya yanke daga gwiwa.