Sai Inji Ya Huce

Duk mai bi ta Sabon Gari da hantsi a lokacin damina ya san Baba Musiliu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai hula a karkace, wanda ke tura injin yankan ciyawa a gefen titi, yana kauce wa ramuka kamar mai tura marar lafiya. A Fagge aka haife shi. Kakansa ne ya zo daga Offa da fataucin goro, ya zauna, bai koma ba. Hausa a bakin Baba Musiliu tas take fita, sai in ransa ya ɓaci ne Yarabanci ke tasowa.

Wuraren aikinsa ba su da yawa: filin wata makaranta, harabar wata coci, da otal biyu a Titin Ibrahim Taiwo. Injin kuwa a sito yake kwana, bayan shagon Madam Nneka mai sayar da katifu. Shekara goma sha biyu ke nan da ta ba shi makulli nasa na kansa, ba ta taɓa tambayarsa ƙarfe nawa ya shiga ba.

To, Baba Musiliu yana da wata al'ada da 'yan layin suka mayar abin tsokana. In ya dawo daga aiki, ba ya shigar da inji. Sai ya ajiye shi a inuwar darbejiya, ya zauna a gefensa, ya jira. Can ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In zafi ya sa ya janye kafin ya gama, ya koma ya zauna. In hannu ya daure, sai ya fito da wani tsohon cokali ya kankare busasshiyar ciyawar da ta maƙale a ƙasan injin da wajen salansa mai fitar da hayaƙi, ya tsiyaye sauran fetur cikin galan, don fetur ba ya kwana ɗaki ɗaya da katifa. Sannan ya tura inji ciki.

"Baba yana lallashin jaririnsa," in ji Ari mai shayi, wanda teburinsa ke bakin layin.

Abin da Ari bai sani ba, ba Musiliu ne ya ƙirƙiro dokar ba, matarsa Fausat ce. A shekarar da ya sayi injinsa na farko, wata rana ya dawo ana ta da sallar azahar, ya cusa shi zaure da zafinsa, ya ruga masallaci. Ciyawar da ke jikin salansa ta kama. Fausat tana goye da 'yarsu Ramota, ta ga hayaƙi, ta shiga ta jawo injin waje da hannunta. Akwatin kayan aurenta ya ƙone ƙurmus, bayan hannunta na dama kuma har yau fatar a tattare take. Ba ta yi masa faɗa ba. Da aka kwance mata bandeji, ita ta kama hannunsa ta ɗora a kan inji, ta ce, "Ƙafa uku, Baban Ramota. Yi mini alkawari."

Wata damina saƙo ya zo cewa mahaifiyar Fausat na kwance a Offa. Za ta tafi jinya, ba wanda ya san wata nawa za ta yi. Jirgin ƙasa ƙarfe tara zai tashi. Tun da suka yi aure kuwa, ba ta taɓa tafiya ba tare da ya ɗaukar mata jaka har cikin jirgi ba, ya tsaya a taga yana maimaita mata ta kula da takalmanta in za ta yi barci.

Sai dai ruwa ya hana shi aikin cocin kwana biyu, ga shi ranar tafiyar tata akwai ɗaurin aure a cocin. Ya fita daga sallar asuba, ya ce mata bakwai da rabi yana gida. Ciyawa ta jiƙe, inji ya yi ta shaƙewa yana mutuwa. Bai iso ƙarƙashin darbejiya ba sai takwas da minti ashirin, inji na huci. Madam Nneka ta tafi saro kaya, shago a rufe.

Ya ɗora hannu. Ko bisimilla bai ƙarasa ba ya janye.

"Tura shi ciki mana, Baba!" Ari ya ɗaga murya. "Sau ɗaya dai! Iya Ramota za ta tafi ba ka gan ta ba."

"Cikin katifun mutane?"

"To watsa masa ruwa."

"Ya tsage? Kai za ka saya mini wani?"

"Kawo shi nan, in duba maka."

Baba Musiliu ya dubi wutar da ke ci ƙarƙashin tukunyar shayi, ya dubi tankin injinsa da sauran mai a ciki, ya girgiza kai. Ya cire hularsa ya shiga yi wa inji fifita. Ari ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar dattijon, ya fasa.

Ya lalubo waya ya kira Fausat, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya san wayarta tana can ƙasan jaka, cikin zannuwa. Tara saura ashirin ya sake ɗora hannu a kan inji, ƙafa ɗaya ya samu.

Yana nan sunkuye sai ga adaidaita ta tsaya a gabansa, jakunkuna cike a baya. Fausat ta sauko tana gyara ɗaurin kai.

"Iya Ramota! Jirgi fa?"

"Na ce wa direba ya biyo ta nan. Da bakwai da rabi ta wuce, na san inda kake."

Ta durƙusa, ta ɗora hannun nan mai tabo a kan inji, leɓɓanta na motsi. Ta janye.

"Da saura."

"Na sani. Ki yi haƙuri, ban kai ki ba."

"Da na tarar da kai a tasha yanzu, ai da ban tafi da kwanciyar hankali ba. Sai in yi ta tunanin katifun Nneka har Offa." Ta karɓi hular daga hannunsa, ta karkaɗe, ta ɗora masa, ta karkatar da ita yadda yake so. "Akwai miya a firji, za ta kai ka kwana huɗu. Kar ka ci ta kwana goma."

"Ki kula da takalmanki in za ki yi barci."

"Shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa sace su ba."

"Don ina faɗa miki ne."

Direba ya danna hon. Baba Musiliu ya riƙe mata hannu ta hau, ya gyara jakar da ke neman zamewa. Ari ya rugo da burodi a leda ya miƙa mata, ya ce na hanya ne. Adaidaita ta juya ta nufi wajen shataletalen Bata, hanyar tasha.

Ya koma ya zauna. Can aka jiyo kukan jirgi daga tasha, dogo, sau biyu. Ya ɗora tafinsa a kan inji, ya karanta ƙafa uku a hankali, ya ƙara ta huɗu don matafiya. Sannan ya zaro cokalin daga aljihu.