Rijiyar Sadakar Malam Sabi'u

Wata rana Malam Sabi'u ya shiga ajin kimiyya ko littafi bai buɗe ba. Dama halinsa ne, ba ya ba ɗalibai amsa, sai ya jefa musu matsala ya koma gefe ya naɗe hannu. Iyaye har guna-guni suke, wai albashin banza yake ci.

Matsalar ranar ba ta wasa ba ce. Tun saukar damina amai da gudawa suka addabi yaran unguwa, har an binne yaro ɗaya.

Ya raba ɗaliban rukuni-rukuni, ya ce su shiga gida-gida su gano dalili: me aka ci, me aka sha, me ya canza.

Abin da bai faɗa musu ba, 'yarsa Nusaiba ma tana kwance, idanu sun zurma. Tsoro ya hana shi sakat.

Ranar Litinin kowane rukuni ya kawo nasa. Wasu suka ce mangwaro ne, wasu suka ce ƙuda. Ramlatu uwar surutun aji kuwa ta ƙi ɗaga kai.

"Ramlatu, ku fa?"

"Malam... duk gidan da ke da mara lafiya, rijiya ɗaya suke ɗiba."

"Wace rijiya?"

"Taka, Malam. Ka ce mu duba me ya canza. Sabuwar shaddar gidanka, katanga ce kawai tsakaninta da rijiyar."



Rijiyar nan sadaka ya haƙa ta ga marigayi mahaifinsa. Wurin shaddar kuwa, shi da kansa ya nuna wa mahaƙa.

Sai ya tuna da Nusaiba. Da safen nan ya ce wa matarsa Saudatu ta yi ta ɗura wa yarinyar ruwan gishiri da sukari.

Da wane ruwa?

Ya kira wayarta, ba a ɗauka ba. Ya fita da gudu, ko ta kan mashin ɗinsa bai bi ba.

Ya tarar da kofi a bakin Nusaiba. Ya doke shi, ya sungume ta sai asibiti.

Da yamma ya rufe rijiyar da kwaɗo, ya bi maƙwabta yana cewa a tafasa ruwa.

Nusaiba ta tashi, alhamdu lillahi.

Amma har yau, in zai wuce ƙofar gidan yaron da aka binne, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Darasi: Ka koya wa yaro tambaya, ka kuma shirya jin amsar, ko da ƙofar gidanka ta nuna.

Tura wa wani malami ko wata uwa yau, ba ka san wa za ka ceta ba.