Sai-Na-Gani da Jar Fitilar Motar Autana

Faɗanmu na farko da Sai-Na-Gani a bakin garejinsa aka yi shi, kuma har gobe ni ce da gaskiya. Na ce ya sake wa motar autana batir, ya ce ba zai sake ba.

"Iya, batirin nan lafiyarsa ƙalau."

"To ita jar fitilar da ke kawowa, gaisuwa take yi mana?"

"Ina take? Ni ban ga ta kawo ba."

Bai gani ɗin ba kuwa. Fitilar nan mai hoton batir a gaban sitiyari munafuka ce ta ƙarshe. A hanya sai ta yi ta ƙifta mana ido, da mun tsaya gaban mai gyara sai ta yi luf, kamar zazzaɓin yaro in ya hango likita.

Sai-Na-Gani mai wayarin ne, aikinsa wutar mota. Ɗan ƙawata ne, na goya shi yana tsumma, kuma tun a lokacin ba ya karɓar abu a baki sai ya juya shi ya duba. Da ya girma ya buɗe rumfar kwano tsakanin mai faci da mai walda, ya rataye wayoyi kala-kala kamar kayan lefen aljanu. Duk wanda ya kawo masa ƙorafi amsa ɗaya ce: sai na gani. Sunan ya bi shi, har matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci. Masu gaggawa sun guje shi, don maƙwabtansa suna sake maka abu uku kafin ka gama sallama, shi kuwa sai ya wuni yana shafa waya ɗaya.

Ni da motar nan ake kai ni asibiti awon jini, ba na son ta mace da ni a tsakiyar titi. Autana kuwa, da yake Allah ya yi masa basira, sai ya samo maganin fitilar da kansa: ya yanko baƙin salatif ya manne ta. Ya ce tun daga ranar ba ta ƙara damunsa ba.

Da muka koma garejin, Sai-Na-Gani ya ga salatif ɗin. Ya ɓare shi da farce, ya liƙa a jikin ƙofar rumfarsa, ya dubi autana.

"Ƙanena, in ƙararrawar gobara ta dame ka, kunne kake toshewa?"

Sannan ya ce ciwon da ke zuwa yana tafiya ya fi wanda ya kwantar da kai mugunta, don shi ne ke ba ka damar yi wa kanka ƙarya. Na riƙe maganar, saboda yana faɗa yana dafe da ƙirjinsa, yana murza wajen da tafin hannu. Na tambaye shi, ya ce iska ce, takan taso ta faɗa.

Ya gwada batir, lafiya. Ya taɓa bel, bai saki ba. Ya goge kan batir har yana ƙyalli. Sai ya tambayi inda fitilar ta fi kawowa, na ce a layinmu mai ramuka. Nan ya ɗaga gira. Ya tayar da mota, ya buɗe bonet, ya zaunar da ni a kujerar direba, ni da ko keke ban taɓa tuƙawa ba.

"Iya, ki zuba mata ido. Da ta kawo ki yi ihu. Na san ba sai an koya miki ba."

"Uwarka ce ta koya mini, mara kunya."

Ya dinga kama wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, yana yi wa motar ramukan ƙarya tana tsaye. Har na fara gyangyaɗi sai ga ja. Na kurma ihun da ya sa mai walda ya yar da ƙarfensa. Ashe wata 'yar siririyar waya ce a bayan altaneta, injin da ke cika batir, ta cinye daga ciki, bawonta kuwa sumul. Ya yanke, ya haɗa sabuwa, ya ɗaure. Fitilar ba ta ƙara kawowa ba.

Da ya ɗago daga bonet sai ya jingina da mota, gumi na tsattsafo masa, hannun nan dai a ƙirji. Can ya saki, ya yi dariya, ya ce kin gani, ta wuce.

Matarsa ta gaya mini daga baya cewa ya je asibiti, wai don kada in sake zuwa in tara masa jama'a. Likita ya ce zuciya ce, kuma da ya ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Yanzu yana shan magani, yana kuma gaba da ni, in ya hango ni sai ya cusa kai cikin bonet. Abin da na yi masa kuwa bai taka kara ya karya ba. Salatif ɗin autana na ɓamɓaro daga ƙofar, na miƙa masa a gaban mai faci da mai walda, na ce:

"Ungo, ɗan nan, manna a ƙirjinka. Autana ya ce yana aiki."