Ranar da Na Hau Soro Ba Sanarwa

A shekarar da na fara koyar da zane a makarantar elementare, saura ƙiris dutsen Dala ya raba ni da aikina. Daga ƙofar gidanmu a Soron Ɗinki ba a hango shi, ni kuwa na ƙwallafa rai sai na zana shi.

Kowa a cikin birni ya san ƙa'ida: namiji ba ya hawa soro sai ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau sama!" don matan maƙwabta su kimtsa. Ni ɗoki ya ɗebe ni. Na haye da takarda da shuni da jar ƙasa da na sayo a Kurmi, tun hantsi har azahar ban ce uffan ba.

Kafin la'asar ƙara ta isa wurin mai unguwa. Maƙwabcinmu ne ya kai ta, wani dattijo Babarbare mai fataucin fata, wanda ko kaza ce ta leƙa gidansa sai ta yi bayani. Ya dage cewa iyalinsa na zana, a kai magana makaranta a sallame ni. Na san aikina na cikin haɗari, don malamin da aka ce yana leƙen matan aure ba mai sake ba shi ɗansa.

Mai unguwa ya sa aka kira ni da zanen, aka shimfiɗa takardar a kan tabarma. Dattijon ya durƙusa yana bin ta da yatsa, yana neman mace. Ya tarar da rufin soraye, da zankwaye, da indararo, da shirwa biyu, sai Dala can baya. Mutum ko ɗaya babu, domin ni har gobe ban iya zana hanci ba.

Yatsansa ya tsaya. "Wannan dabinon na wane ne?"

Na ce, "Naka ne, Baba."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Shekara saba'in ina kwana a ƙarƙashin rufin nan. Ashe haka unguwarmu take da kyau?"

Mai unguwa ya wanke ni tas da faɗa, na kuwa ci abina, don ni na jawo. Dattijon ya naɗe takardar ya soke a hammata, ko neman izinina bai yi ba. Wallahi daɗi ya kusa sa ni hawaye.

A bakin zaure ya waiwayo. "Malam, na janye ƙarata. Gobe in za ka hau, ka biyo ta gidana. Tare za mu."