Ɗan fari a bayan Gwaggo

Da asuba Gwaggo ta hura wuta ƙarƙashin tukunyar wanka, kamar kullum tun da na haihu. Gwaggo yayar babana ce, ita ta raine ni bayan rasuwar innata. Ruwan ya tafasa. Ta tsoma ganyen sabara tana fyaɗa mini har fatata ta yi ja. Na sha kunun kanwa ina danne amai. Mijina yana Maraɗi, ni na zo gida wankan jego, a ƙauyenmu na bakin tabkin Madarumfa. Mako uku kenan da haihuwa.

Na yi lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, har aka tura ni babbar lakwal a Yamai. Can wata madam ta koya mana renon jariri da 'yar tsana. 'Yar tsana ba ta wari. Madam ba ta gaya mana ciki ba ya komawa ranar da aka haihu ba, nawa yana nan tulu kamar da wani a ciki. Ba ta ce jini zai yi ta zuba makonni ba. Ba ta ce in jariri ya kama nono mara za ta murɗa kamar naƙuda ta dawo ba. Hancina kuwa, tun ina da ciki yake jin warin da ba wanda ya ji, kuma bai daina ba.

Yaron ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta ɗaukar ɗan fari gaban manya, ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa. Nono ma a ɗaka nake ba shi, Gwaggo ta miƙo, ta karɓe. In ba kowa nakan shinshina kansa da sauri.

Da hantsi na ji warin gumin dawaki. Ban gaya wa kowa ba. Sai zabi suka ɗauki kuka, sai karnuka. Shekarar ce aka rufe iyaka, aka hana kai gyaɗa kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Mazan ƙauyenmu sun kai a ɓoye, wani ya kai gulma.

Sojan kumandan ne, Baturen da ke mulkinmu, masu jar hula, waɗanda muke kira gardi. Bature ɗaya yana bisa doki bayan dangarmu. Ya yi tsawa da Faransanci. Duk gidan ni kaɗai na ji abin da ya ce.

"Ku ƙone rumbunan. Duka."

Babana da baffana suna tsaye a tsakar gida. Yaron yana kwance kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Na miƙa hannu. Gwaggo ta buge hannun, yadda take yi kowace rana.

"Gaban ubanki?"

Ta saɓa shi a baya, ta ɗaure zane. Ta fita ta ƙofar baya.

Gardi uku suka shigo. Ɗaya ya shure tukunyar wanka. Ɗaya ya jefa wa Baba igiya a wuya kamar akuya. Na ukun ya buɗe tukunyar ƙaurin da aka dafa mini, ya zura hannu, yana ci mai yana bin gemunsa. Ya damƙi kafaɗata da wannan hannun. Ya dubi cikina.

"Bar ta, ciki gare ta."

Ya goge yatsunsa a zanena. Cikin da ba kowa a ciki shi ya cece ni.

Na bi ƙofar baya. Harbi biyu, sannan ihu. Mata suka rabu, wasu suka yi tabki, wasu gonar dawa. Turereniya ta kai ni cikin dawa. Na hango farin kallabin Gwaggo yana gangarawa ruwa.

Na kwanta rub da ciki tsakanin kunyoyi. Gudun ya ɓalle mini jini, yana bin cinyata, ƙudaje suka taru. Hatsin shekara yana ci da wuta, warinsa kamar ƙonannen tuwo. Nan kusa jaririn wata ya yi kuka. Ba nawa ba ne, na sani. Amma nonona ya ɗaure, ya tsiyaye, ƙasa ta jiƙe ƙarƙashina. Tururuwa suka zo sha. Na kwanta cikin tsamin jikina ina ƙyamar kaina.

Da azahar dawaki suna ta kai da komo a bakin tabki. Ina jin kofato cikin taɓo. Da la'asar suka tafi da maza a jere cikin igiya ɗaya.

Mata suka fito suna kiran 'ya'yansu, kowace da sunan nata. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Gwaggo!"

Ta fito daga cikin doguwar ciyawar tabki tana rawar sanyi. Matsattsaku sun kama mata ƙafa da wuya, sun sha jini sun yi baƙi. Ta ce da dawakin suka matso ta tsuguna cikin ruwa har haɓa.

"Ko sau ɗaya bai yi kuka ba," in ji ta.

Ta kwance zanen. Ruwa ya fito mishi ta hanci. Kan ɗan goyo yana ƙasa da haɓar mai goyo. Rabon Gwaggo da goyo tun ni.

Na karɓe shi gaban kowa. Ba wanda ya buge mini hannu.

Wani tsoho da gardi suka raina ya haƙa rami da fartanya ƙarƙashin tsamiya. Rana ba ta faɗi ba muka kama hanyar kudu. Muka kauce wa garin Ɗan Issa na bakin iyaka ta daji. Da gari ya waye mun ƙetare iyaka, muna ƙasar Jibiya.

Nono bai san an yi mutuwa ba. Ya cika, ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya kama ni. Wata mata 'yar garin Gabi, wadda tsoro ya ƙafar mata da nata nonon, ta miƙo mini ɗiyarta. Yarinyar tana warin kashi da hayaƙi. Ta kama, marata ta murɗa, na ji sauƙi. Wannan sauƙin ne na fi ƙyama.

Gwaggo ta ari tukunya. Kowace asuba tana dafa ruwa, ta ce sai na cika arba'in. Ina tsayawa ta fyaɗa mini ganye.

Rumbu huɗu muka rasa, da akuyoyi. Baba bai dawo ba tukuna. Yaron yana da suna. Liman ya faɗa ranar suna, maroƙi ya maimaita, duk ƙauyen sun kira shi da shi. Ni ban taɓa faɗa ba.