Malamin Yahudawa a Wayar Maigidana

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, azumin da muka yi a kulle a Sentul, can ƙasar waje, lokacin korona zai tsira. Maigidana yana digiri na uku, shi ne kuma limamin ɗalibanmu 'yan Arewa. Da aka rufe masallatai sai wa'azinsa ya koma ta bidiyo, ni ce mai riƙe waya.

Ina son mijina, amma wallahi bai san birki ba. Kafin ya gama gabatarwa rabin jama'a sun zame, hannuna ya sage, miyata ta kama. Har dattawan ƙungiyar ɗaliban suka fara ƙus-ƙus ɗin sauya shi, abin ya hana shi cin abinci.

Kwatsam Malam ya gyaru. Ɗan labari, aya ɗaya, darasi, sai sallama. Na bi diddigi, na kama shi a baranda yana sauraron wani dattijo mai 'yar hula kamar murfin kofi.

"Malam, wane ne wannan?"

"Rufa min asiri, Maman Hanifa. Shugaban malaman Yahudawa ne a ƙasarsu."

Ya ce mutumin ya daɗe yana jagorantar majami'arsu, yana kuma ɗan jawabin safe a rediyo. Kafin shayi ya huce ya gama, har waɗanda ba addininsu ɗaya ba suna jiransa. "Salo kawai nake ɗauka, ba aƙida ba," in ji shi.

To, mu kuma ba a barin mai wa'azi sai an ji wa ya karantar da shi. Rannan shugaban ƙungiya ya tambaya a gaban kowa: "Malam, wannan sabon salon a gaban wane shehi ka ɗauko?"

Na leƙo daga bayan wayar. Ina ta yi masa alama da ido ya ce wani shehin Kano ne. Bawan Allah ya share gumi ya faɗi gaskiya tiryan-tiryan.

Sai shugaba ya yi gyaran murya. "Shi ya sa kake sakinmu kafin shan ruwa?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To don Allah kar ka fasa sauraronsa."

Limanci ya tsira. Daga baya da labarin rasuwar dattijon ya zo, Malam ya wuni jugum, ni ma na ji babu daɗi. Abin da na koya shi ne, in wani ya amfane ka, ka faɗa, kowace irin hula ce a kansa.