Aron Baki a Kufai

Na ɗaga ƙafa zan shiga mota ke nan na ji ta ƙi ɗaguwa, kamar an ɗaure ta da 'yar'uwarta. Na duba ƙasa, ba igiya, ba yaɗo, zanina ma ba matsattse ba ne. Sai da na zauna a bakin ƙofar na jawo ƙafafun biyu tare. Kuma fa rana tsaka ce, ga mutane can a gona suna cirar gyaɗa.

Jama'a, wallahi ni abin nan ya faru da ni, shekara uku ke nan, kuma har yau in na tuna sai na shafa idon sawuna.

Lokacin na gama sakandare ina zaune gida a Ƙaraye. Kawuna yana aiki da masu kawo baƙi yawon ganin tarihi, sai ya zo da baƙaƙen fatar Amurka su biyar masu neman asalin kakanninsu, ya roƙi Baba ya ba shi ni in yi musu tafinta, saboda akwai mata, kuma za a shiga cikin gidaje. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai dogara sanda, Mama nake ce mata. A hanya ta ba ni labarin yadda tana yarinya suka yi tattaki don a bar baƙar fata su yi zaɓe, aka sako musu karnuka, har ta nuna min tabon a ƙwaurinta. Ta ce a gidansu an gaji labarin wata kaka Bahaushiya da aka kamo a zamanin cinikin bayi tana budurwa, ko sunanta ba wanda ya riƙe.

Muka je wani kufai gaba da Zoza, inda tsofaffi ke cewa a da can nan ake yada zango da waɗanda aka kamo. Ba komai a wurin sai tudun tsohuwar ganuwa da wata rijiya da ta cike. Kawu ya ja sauran yana musu bayani, Mama ta riƙe hannuna ta ce duk inda ta je tana magana da waɗanda aka rabo da gida, amma nan tana so su ji da harshensu. To ni aikina ke nan, abin da baƙo ya faɗa shi nake maimaitawa. Tana faɗa tana kuka, ni kuwa na ɗaga murya ina cewa, “Na zo, na daɗe ina neman ki. Taso ki biyo ni, mu tafi gida.” Har sau uku. Ban kawo komai a raina ba, ni damuwata kada in yi kuskure.

Bayan nan ne ƙafa ta ƙi shiga mota.

Da aka sauke ni a bakin layinmu sai na ga takuna ya gajarce, ina so in buɗe ƙafa amma wani abu na tsayar da ita, kuma duk takun da na yi sai in ji ƙarar ƙarfe a bayana, siririya, in na tsaya ta tsaya. Na yi ta karanta Ayatul Kursiyyu, ban yarda na waiga ba.

Goggo, yayar Babanmu, tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama ta amsa, amma ba ni take kallo ba, bayana take kallo.

“'Yar boko, haka aka koya muku? Ki shigo ki bar baƙuwa a tsaye a zaure?”

Na ce wace baƙuwa. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ture faifan gyaɗar, ta ce in zo in zauna kusa da ita, kada in juya.

Kwana biyu ina haka. Idon sawuna duka biyun ya yi zobe baƙi ya kumbura, a shagon magani aka ce ko takalmi ne, alhali silifa nake sawa. Baba ya kira malami ya yi addu'a ya ba da rubutu, in na sha in samu sauƙi, anjima ƙarar ta dawo. A rana ta biyu daga ɗaki zuwa bakin randa sai da na dafa bango. Na tabbata in aka ƙara kwana biyu na daina tafiya ke nan.

Goggo ce ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata duk abin da na furta a kufan, kada in rage. Da na faɗa, ta riƙe haɓa ta ce ai ni na gayyato ta, ita wannan ina ta san Turanci, bakin da ta ji shi ta biyo. Ta sa aka kira Kawu, ta wanke shi tas, ta ce ko dai in mayar da ita inda na ɗauko ta, ko wadda ta aiko ni ta zo ta kira abarta da kanta.

Washegari baƙin za su wuce, amma da Kawu ya gaya wa Mama, sai ga ta a gidanmu bayan azahar. Ta durƙusa da ƙyar ta kalli ƙafata, ta kalli tabonta. Na ce mata za a kai ni kufan in mayar da ita. Ta girgiza kai ta ce a'a, wadda ta yi wannan jiran ba za a sake ce mata ta koma ta zauna ba. Ta ce in koya mata kalmomin.

Goggo ta hana ni buɗe baki, ita ta koya mata, ɗaya bayan ɗaya, tana gyara mata tana tsaki. Sannan Mama ta miƙe, ta fuskanci zaurenmu inda ba kowa, ta faɗa da karyayyiyar Hausarta. A na ukun na ji wani sanyi ya zame daga ƙafafuna.

Ban san mece ce ba, ban kuma san ko wadda Mama ke nema ce ba, Allah ne masani. Ni dai abin da zan ce muku, kada ku ara wa kowa bakinku a wurin da ba ku san wa ke saurare ba.

Na leƙa ta ƙofa na ga Mama ta nufi mota. Matar da duk da sandarta take riga ni tafiya, ga ta tana ɗan taku gajere gajere, tana murmushi. Da ta isa ta zauna a bakin ƙofar, ta jawo ƙafafunta biyu tare, ta matsa can ciki ta bar wuri kusa da ita.

Ana kiran la'asar Goggo ta leƙa zaure, ta dawo ta ɗauki faifanta.

“Tashi ki yi alwala, ta tafi.”